Malam-Buɗe-Littafin Da Ba A Kamawa

Darasin farko da akan koya wa ɗalibin ilmin halittu idan aka fita da shi daji bai wuce kalmomi uku ba: tattara, adana, tantance. Ya ga ganye ya tsinko, ya ga ƙwaro ya kama ya sa a kwalba, ya rubuta wuri da rana, sa'an nan ya komo ɗakin bincike ya yi ta duban kamanninsa har ya gano sunansa da danginsa. Da wannan hanya aka gina mafi yawan abin da aka sani game da tsirrai da dabbobi. Ba kuwa baƙuwar hanya ba ce ga Bahaushe, domin maharbi da masunci da mai maganin gargajiya duk haka suka koyi sana'arsu, wato ta ido da hannu.

Sai dai akwai wani baƙon abu da ya shigo dazuzzuka da gonakin arewacin Jihar Zamfara wanda wannan hanya ba ta dace da shi ba ko kaɗan. Tun daga shekarar 2018, lokacin da rundunar sojojin sama ta ƙaddamar da farmakin da ta kira Diran Mikiya, jiragen yaƙi suke kai hare-hare kan maɓoyar 'yan bindiga a dazuzzuka irin su Dumburum da Sububu, da ƙasashen da ke kewaye da Zurmi da Shinkafi. Duk inda aka jefa makami daga sama kuwa, dole a bar saura a ƙasa: ɓaraguzan ƙarfe, da wayoyi, da fikafikan roka, wani lokaci ma har da makamin ɗungurungum, wanda ya faɗo ya ƙi tashi. Waɗannan abubuwa suna kwance a hanyar makiyayi, da ta mai neman itace, da ta yaron da ke yawo da buhu yana tsintar ƙarfe. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ya wajaba a raba tantancewa da tattarawa. Tantancewa da ido daga nesa ilmi ne da ya kamata kowane yaro daga Kaura Namoda zuwa Shinkafi ya samu. Tattarawa da hannu kuwa aikin ƙwararru ne su kaɗai, kuma nauyi ne a wuyan hukumar da ta jefa makamin.

Iri uku, haɗari ɗaya

Yana da kyau a fara da bambancewa, domin a bakin jama'a komai "bam" ne. Akwai nakiyar da ake binnewa da hannu a kan hanya, irin wadda ta tashi da motoci a hanyar Gusau zuwa Ɗansadau a watan Disamba na 2024. Akwai nakiyar da ake watsawa daga jirgin sama ko da igwa, ɗaruruwa a lokaci guda, ta faɗi a kan ƙasa ta zauna tana jiran mai takawa. Sa'an nan akwai bam ko roka ko makami mai linzami da aka ƙera don ya fashe nan take, amma saboda wani dalili ya ƙi. Nijeriya ta shiga Yarjejeniyar Ottawa, wadda ta haramta nakiyoyin da ake ɗana wa mutum, a shekarar 2001, ta kuma tabbatar da yarjejeniyar haramta bama-bamai masu 'ya'ya a 2023. Saboda haka abin da ya fi shafar manomin Zurmi shi ne iri na farko da na uku. Amma ga wanda ya sa hannu, bambancin ba shi da wani amfani. Bam ɗin da ya ƙi tashi ya riga ya zama nakiya, har ma ya fi ta sharri, domin ita nakiya an san abin da ke tayar da ita, shi kuwa babu wanda ya san inda makunninsa ya tsaya.

Masu kama macizai sun san cewa kan maciji da aka datse yana iya sara bayan an raba shi da gangar jiki, saboda jijiyoyinsa ba su gama mutuwa ba. To haka makamin da ya faɗo bai fashe ba yake. Wanda ya ce "ai ya mutu" don ya ga tsatsa a jikinsa, ya yi kuskure babba. Tsatsa da zafin rana da damina ba sa kashe sinadarin da ke ciki, sau da yawa ma ƙara masa saurin fushi suke yi. Har yau ana tono bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu a biranen Jamus, ana kwashe dubban mutane daga gidajensu kafin a kwance su, shekara tamanin bayan gama yaƙin. Nan gida ma, ragowar makaman yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun ci gaba da raunata mutane a kudu maso gabas, har sai da maganar ta kai Kotun Ƙungiyar Ƙasashen Afirka ta Yamma, inda a 2017 Gwamnatin Tarayya ta amince ta biya naira biliyan 88, wani kaso diyya, wani kuma don share wuraren.

Darasi daga tumfafiya

Mafi shahara cikin nakiyoyin da ake watsawa daga sama ita ce wadda Tarayyar Sobiyat ta ƙera mai suna PFM-1, wadda aka zubar da ita birjik a duwatsu da hanyoyin Afganistan tsakanin 1979 da 1989. An kwaikwayo ta ne daga wata irinta da Amurka ta yi amfani da ita a yaƙin Biyetnam. Ƙarama ce, ba ta fi tafin hannun babba ba, nauyinta giram 75 kacal, jikinta na roba ne, kore ko ruwan ƙasa. Tana da fikafikai biyu, ɗaya mai kauri ɗaya siriri, waɗanda ke sa ta sauko tana juyawa a hankali kamar busasshen ganye. Wannan siffa ce ta sa duniya ta laƙaba mata sunan malam-buɗe-littafi. Ba a ƙera ta don ta kashe ba, an ƙera ta ne don ta cire ƙafa ko hannu, bisa lissafin cewa soja mai rauni ya fi matacce wahalar da rundunarsa. Amma waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarta su ne yaran Afganistan, domin ba ta yi kama da makami ba, ta fi kama da abin wasa. Ba kuma tsohon labari ba ne, an sake ganinta a yaƙin Yukiren tun daga 2022.

Wannan suna da aka ba ta ya cancanci a tsaya a kansa, domin akwai darasin ilmin halittu a ciki. Duk wanda ya taɓa lura da tumfafiya a bakin hanya ko a kufai zai ga wata tsutsa mai zanen baƙi da fari da rawaya tana cin ganyenta. Ita ce ke rikiɗa ta zama wani malam-buɗe-littafi mai launin ruwan lemo da baƙin gefe da ɗigon fari, wanda masana ke kira Danaus chrysippus. Ruwan tumfafiya yana ɗauke da guba mai taɓa zuciya, tsutsar kuwa takan tara gubar a jikinta ba tare da ta cutu ba. Tsuntsun da ya ci irin wannan ƙwaro zai ji ɗaci, wataƙila ya yi amai, daga ranar kuma ba zai ƙara kusantar mai irin wannan launi ba. Shi ya sa za a ga wannan malam-buɗe-littafi yana tashi a hankali, bai damu da ɓuya ba. Launinsa sanarwa ce. Alfred Russel Wallace ne ya fara bayyana wannan hikima a 1867, lokacin da Charles Darwin ya tambaye shi dalilin da ya sa wasu tsutsotsi ke da launi mai ɗaukar ido. Haka rina da zanzaro da kudan zuma suke, duk suna ɗauke da tutar gargaɗi.

Abin lura a nan shi ne, wannan tsari yana aiki ne saboda tsuntsun yana rayuwa bayan darasin. Ya ɗanɗana, ya sha wahala, ya koya. Hausawa ma sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam, musamman ta yaro, a kan wannan tsari aka gina ta: ya ga sabon abu, ya ɗauka, ya jujjuya, ya ƙwanƙwasa, ya ɓare ya ga cikinsa. Ba rashin tarbiyya ba ne, hanyar koyo ce da Allah ya halicce shi da ita. Makami kuwa ya saɓa wa tsarin ta fuska biyu. Ba ya ɗauke da wata tutar gargaɗi da ido ya saba da ita, kuma ba ya ba da damar darasi na biyu. Wani lokaci ma tutar tasa ta yaudara ce. A ƙarshen 2001, jiragen Amurka sun riƙa jefa ƙunshin abinci masu launin rawaya a Afganistan, a daidai lokacin da wasu jiragen ke jefa ƙananan bama-bamai su ma masu launin rawaya, har sai da aka tilasta canza launin ƙunshin abincin.

Tunda gwaji ba zai koyar ba, ke nan dole a koyar da baki da hoto, kafin ranar haɗuwa.

Jikin yaro ba na babba ba ne

Alƙaluman da masu bin diddigin nakiyoyi na duniya suka fitar sun nuna cewa a shekarar 2023 mutum 5,757 ne nakiyoyi da ragowar makamai suka kashe ko suka raunata. Mafi yawansu fararen hula ne, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗannan fararen hula yara ne. Ban da son taɓe-taɓe, akwai dalilai na halitta da ke sa raunin yaro ya fi muni. Na farko, gajarta. Fashewar da za ta tsaya a ƙafar babba, a jikin yaro takan kai ciki da ƙirji da fuska, balle kuma idan a tsugune yake ko yana riƙe da abin a hannu. Na biyu, jini. Babban mutum yana da kimanin lita 5 na jini, yaro mai nauyin kilo 20 kuwa bai fi lita ɗaya da rabi ba. Zubar rabin lita, wanda babba zai jure, ga yaron kashi ɗaya ne cikin uku na dukkan jininsa. A yi tunanin nisan da ke tsakanin ƙauyukan Zurmi ko Shinkafi da babban asibitin tarayya na Gusau, a kan hanyar da direbobi ke tsoron bi da yamma.

Bugu da ƙari, iskar fashewa takan yi ɓarna a gaɓoɓin da ke ɗauke da iska, wato kunne da huhu da hanji, ko da ba a ga rauni a waje ba. Takan kuma cusa ƙasa da kashin dabbobi da tsumma cikin nama, inda ƙwayoyin cutar sandarewar jiki da masu ruɓar da nama suke samun wurin zama. Idan ɓaraguzan na roba ne, hoton asibiti ba ya nuna su sosai. Wanda ya tsira aka yanke masa ƙafa kuma, wahalarsa ba ta ƙare ba, domin ƙashin yaro yana ci gaba da girma, yakan tokare fata har a sake yin tiyata, ƙafar roba kuwa sai an riƙa canza masa ita kusan kowace shekara har ya gama girma. Wane manomi ne a ƙasar Shinkafi zai iya ɗaukar wannan nauyi?

Ko ɓaraguzan da ba za su fashe ba ma ba su da tsabta. Sinadarin TNT guba ne, yana shiga ta fata, yana lalata hanta da jini. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, matan da ke cika harsasai a masana'antun Ingila sai da fatarsu ta koma rawaya saboda shi. Mutanen Zamfara ba sa bukatar dogon bayani a kan haɗarin shigo da abin da ba a sani ba cikin gida. A 2010, duwatsun zinariya da aka riƙa kawowa ana daka su a tsakar gida a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sun yi sanadin mutuwar yara kusan 400 ta hanyar gubar dalma. A lokacin ma, abin arziki aka ɗauka an kawo.

Tsintuwa ba sata ba

Nan ne maganar take da wuya, kuma bai kamata masu ilmi su yi saurin zargi ba. Wanda ya ɗauki ɓaraguzan makami ba wawa ba ne. Ƙarfen makami mai kyau ne, akwai farin ƙarfe da jan ƙarfe da tagulla a jikinsa, kuma 'yan gwangwan suna saye da kilo. Maƙeri yana neman ƙarfe mai ƙwari don fartanya da lauje. A yankin da 'yan bindiga suka hana noma, suka kwashe shanu, suka ɗora haraji, buhun ƙarfe abincin kwana biyu ne. In aka ce wa irin wannan mutum "kada ka taɓa", zai amsa da cewa tsintuwa ba sata ba ce, kuma yunwa ma tana kisa.

Wannan hujja tana da ƙarfi, amma an riga an ga ƙarshenta a wasu wurare. Ƙasar Lawos, da ke kudu maso gabashin Asiya, ta sha ruwan bama-bamai fiye da tan miliyan 2 tsakanin 1964 da 1973. Cikinsu akwai ƙananan bama-bamai kimanin miliyan 270, waɗanda aka ƙiyasta cewa kusan miliyan 80 ba su fashe ba. Talauci ya sa aka mayar da tsintarsu sana'a, har ana narkar da ƙarfen ana yin cokula. Sana'ar ta ciyar da gidaje, ta kuma cika su da guragu da makafi, fiye da shekara hamsin bayan jirgi na ƙarshe ya wuce. Ba sai an je nesa ba. A Jihar Barno, kashe-kashen da suka riƙa rutsawa da masu tsintar ƙarfe a dazuzzuka sun sa gwamnatin jihar ta haramta sana'ar a 2023. Duk da haka, a watan Janairu na 2024, wani abu da aka tsinto cikin tarkacen ƙarfe ya fashe a garin Gubio, ya kashe almajirai shida. Wannan ya nuna haramci shi kaɗai bai isa ba. Ya kuma nuna cewa haɗarin ba ya tsayawa a kan wanda ya tsinta, yana bin buhun zuwa gida, zuwa ma'ajiyar dillali, zuwa wutar maƙera, zuwa motar da za ta ɗauki lodi daga kasuwar Alhamis ta Shinkafi.

Na baya-bayan nan shi ne abin da ya faru a Jabo, cikin Ƙaramar Hukumar Tambuwal ta Jihar Sakkwato, a daren 25 ga Disamba, 2025, lokacin da Amurka ta harba makamai masu linzami kan wasu wurare a jihar. Ɓaraguzai sun faɗa gona a gefen garin, jama'a suka yi dafifi wurin, wasu suka kwashi abin da suka kwasa, har hukumomin tsaro suka fito suna roƙon a dawo da su. Babu mugunta a cikin abin da mutanen suka yi. Ba a taɓa gaya masu komai ba ne kafin wannan dare.

Akwai masu ganin maganin abin shi ne hukuma ta riƙa sayen ɓaraguzan daga hannun jama'a. Wannan shawara ce mai kyan fuska da mugun ciki. Ranar da aka sa wa abu farashi, ranar aka tura yara daji nemansa. In ma za a yi tukuici, to a yi shi ga wanda ya kawo labari ya bar abin a inda yake, wanda ya kawo abin a hannu kuwa kada a ba shi ko kwabo, amma kuma kada a kama shi, domin kamun mutum ɗaya zai sa goma su ɓoye nasu a ƙarƙashin gado.

Samfurin da ba shi da takarda

Akwai wani dalili na biyu da ya sa bai kamata a ɗauke ɓaraguzai daga inda suka faɗi ba, kuma ɗalibin ilmin halittu zai fi kowa saurin gane shi. A ɗakin adana tsirrai, ganyen da ba a rubuta inda aka tsinko shi da ranar da aka tsinko shi ba, ba shi da wata daraja ta ilmi, shara ne kawai. Haka ɓaraguzan makami suke. Ƙwararre yana karanta lambobi da haruffan da ke jikin ƙarfe ya san irin makamin da masana'antar da ta ƙera shi da shekarar ƙira. Yana duban faɗin rami da yadda ɓaraguzai suka watsu ya san girman abin da ɓangaren da ya fito. Idan aka kwashe, aka sayar, aka narkar, to an goge shaidar ke nan.

Su wa wannan shaida za ta amfana? Mutanen yankin ne da kansu. A watan Afrilu na 2019, Majalisar Sarakunan Zamfara ta yi kukan cewa hare-haren sama sun faɗa kan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba a wasu ƙauyuka, ciki har da na ƙasar Zurmi, rundunar sojojin sama kuma ta musanta. A watan Janairu na 2025, an ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 16 a yankin Tungar Kara, tsakanin Zurmi da Maradun, waɗanda mutanen gari suka ce 'yan sa-kai ne da manoma da suka fito kare kansu. A irin wannan jayayya, maganar talaka ita kaɗai ba ta da nauyi a gaban kwamitin bincike. Abin da ke ba ta nauyi shi ne ƙarfen da ke kwance a wurin, da hotonsa, da ranar da aka ɗauka. Wanda ya sayar da shi ga ɗan gwangwan ya sayar da hujjar 'yan'uwansa a kan kuɗin da bai kai na kwanon gero ba. Sa'an nan kada a manta, makamin da bai fashe ba yana iya ƙarewa a hannun waɗanda aka jefa shi dominsu. A 2015 hukumomin tsaro sun sanar da gano ƙananan bama-bamai masu 'ya'ya a maɓoyar Boko Haram a Jihar Adamawa.

Yadda aka koyi kububuwa

Babu yaron ƙauye a ƙasar Zamfara da bai san kububuwa ba, kuma babu wanda ya san ta ta hanyar kamawa. Tun yana ƙarami aka kwatanta masa girmanta da zanenta da ƙarar da take yi in ta naɗe, aka gaya masa inda take kwanciya, aka ce in ya gan ta ya ja da baya ya kira babba. Wannan shi ne ainihin irin ilmin da ake bukata. Saƙon gajere ne: duk baƙon ƙarfe ko roba da aka gani a inda jirgi ya yi wuta ko aka yi artabu, ba a taɓawa, ba a jifa, ba a zungura da sanda, ba a sa masa wuta. A juya ta sawun da aka zo, a sa alama a nesa da shi, a gaya wa mai unguwa ko dagaci. Wanda ke da waya ya ɗauki hoto daga inda yake tsaye, kada ya matsa don hoton ya yi kyau. A ƙa'idar masu share nakiyoyi ta duniya, jan dutse na nufin haɗari, fari kuma na nufin wurin da aka tsabtace, kuma wannan abu ne da yaro zai haddace a zama ɗaya.

Ya kamata a daidaita saƙon da lokutan shekara. Da bazara ana sharar gona da ƙona ta, wuta kuwa tana tayar da makami. Da ruwa ya sauka garmar shanu tana tono abin da ƙasa ta rufe. Da tsakiyar damina ambaliya tana ɗauke abu daga inda aka san shi ta kai shi wani wuri, kamar yadda ta faru a Bosniya a 2014, saboda haka fadamun Gagare da Bunsuru ba su tsira ba don kawai ba a yi faɗa a cikinsu ba. Da kaka da rani kuma samari na cinna wa daji wuta don farauta.

Masu isar da saƙon suna nan: limaman Juma'a, da malaman tsangaya da na firamare, da sarakunan maƙera, da shugabannin 'yan gwangwan waɗanda su ne ya kamata a fara koya wa, tunda komai a hannunsu yake ƙarewa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda tana da ɗalibai daga waɗannan ƙauyuka, kuma tana iya buga hotuna da bayani cikin Hausar boko da ajami da Fulatanci. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da nakiyoyi ta yi shekaru tana irin wannan wayar da kai daga Maiduguri, ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba.

Amma duk wannan zai zama aikin banza idan aka kai rahoto ba a zo ba. Mutumin da ya bar rabin gonarsa saboda ƙarfe, ya jira mako uku bai ga kowa ba, zai ɗauke shi da kansa, kuma babu mai ganin laifinsa. Akwai kuma tsoro, domin a wuraren da 'yan bindiga ke da kunnuwa, ganin mutum yana magana da jami'in tsaro yana iya jawo masa mutuwa. Shi ya sa rahoto ya kamata ya bi ta hannun masu sarauta, ba tare da an ambaci sunan wanda ya gani ba. A ɗaya ɓangaren, rundunar da ta jefa makami ita ta san rana da wuri da adadi. Ƙa'idar duniya ta 2003 kan ragowar makaman yaƙi ta ɗora wa mai amfani da makami nauyin rubuta waɗannan bayanai da taimakawa wajen sharewa. Bai kamata sashen kwance bama-bamai na 'yan sanda ya tsaya a Gusau kaɗai ba. Kaura Namoda, inda hanyoyin Shinkafi da Zurmi suka rabu, ita ce wurin da ya dace a ajiye tawaga.

Ranar da ƙura ta lafa aka zo sharar gonaki, wataƙila a nemi taimakon wata tsohuwar maƙwabciya. A Jami'ar Aikin Gona ta Sokoine da ke Morogoro a Tanzaniya, ƙungiyar APOPO, wadda aka kafa a 1997, tana horar da wani irin babban ɓera, ɗan'uwan gafiyar nan ta ƙasar Hausa, ya riƙa sansano TNT a cikin ƙasa. Nauyinsa bai kai ya tayar da nakiya ba, kuma ba ya kula da gwangwani ko ƙusa kamar na'ura, ƙamshin sinadarin kawai yake bi. In ya ji, sai ya tona ƙasa kaɗan, a ba shi ayaba ko gyaɗa. Filin da zai ɗauki mutum da na'ura kwanaki, shi yana gama shi cikin kimanin rabin sa'a. Irin waɗannan ɓeraye sun taimaka har aka ayyana Mozambik a matsayin wadda ta rabu da nakiyoyi a 2015. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Magawa, ya gano nakiyoyi da makamai fiye da 100 a Kambodiya, aka ba shi lambar zinariya a 2020, ya mutu da tsufa a 2022 da ƙafafunsa huɗu cif. Ita dai gafiyar da samarin Zurmi ke ƙona daji don su kama, ana mata kirari da "tsira da na bakinki". Ko ita ma aikinta a filin nakiya ya tsaya ne ga nunawa, ɗaukewa kuwa sai mai sulke da horo ya zo.